Sharhi: Ma'aunin Faɗuwar Tsofaffi da Rayuwar Dattijon Sabon Ibadan

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu tasowa suke. A Najeriya, binciken da Bekibele da Gureje na Jami'ar Ibadan suka wallafa a 2010 ya nuna cewa kimanin kashi 23 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama sun faɗi a cikin shekara guda.

Unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916, ba ta da nisa da Asibitin Koyarwa na UCH, inda aka buɗe Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Cif Tony Anenih a 2012. Kusanci da asibiti alheri ne, amma akwai ayar tambaya kan ma'aunan da likitocin fisiyo ke dogara da su wajen gane wanda ke dab da faɗuwa.

Mafi shahara shi ne ma'aunin Berg, wanda aka samar a Kanada a 1989. Ya ƙunshi gwaji 14, kamar tsayuwa da ido rufe da ɗaukar abu daga ƙasa, jimillar makinsa 56, kuma akan ɗauki ƙasa da 45 a matsayin alamar haɗari. Yana da amfani ga mai fama da shanyewar ɓarin jiki, sai dai yana cin minti 15 zuwa 20, kuma dattijo mai sauran ƙarfi kan cinye makin baki ɗaya, ya koma gida ya faɗi.

Gwajin TUG na 1991 ya fi sauƙi: mutum ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita uku, ya juyo ya zauna, ana duba agogo. Kujera da agogon waya kaɗai yake buƙata, don haka ya dace da ƙananan asibitoci. Matsalarsa ita ce masana ba su daidaita kan iyaka ba: wasu daƙiƙa 12, wasu 13.5, ƙa'idojin duniya na 2022 kuma 15.

Babban giɓin yana wajen kujerar. Dukan gwaje-gwajen biyu daga kanta suke farawa, alhali dattijon Sabo a kan tabarma yake wuni. Yana tsugunawa ya yi alwala a wuri mai santsi, ya taso daga sujada, ya tsallake kwata kafin gari ya waye domin sallar asuba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ma'aunan suka auna kai tsaye. Takardar tambayoyi ta ABC kuwa har tafiya kan ƙanƙara da hawa matakalar lantarki take tambaya, abubuwan da tsohuwar da ke Sabo ba ta hulɗa da su.

Wannan bai zama dalilin watsi da ma'aunan ba. Ƙa'idojin 2022 sun fara ne da tambaya mai sauƙi: shin mutum ya faɗi cikin wata 12 da suka wuce? Idan aka yi ta da Hausa, aka haɗa da gwajin TUG, da gwajin tashi daga ƙasa, da duban ido da magungunan hawan jini masu sa jiri, za a fi kusantar gaskiya. Aikin fassara ma'aunan da tantance su kan Hausawa yana wuyan jami'o'i da hukumar MRTB mai kula da likitocin fisiyo.