Sanarwar Bayan Taro Kan Halin Da Al'ummar Roma Ke Ciki A Pata Rat

Ƙungiyarmu ta Hausawa masu karatu da aiki a Romaniya ta yi zama ranar Asabar da ta gabata a birnin Cluj-Napoca, inda ta saurari rahoton 'yan'uwa da suka kai ziyara Pata Rat, unguwar da ke gefen babban jujin birnin.

Taron ya tuna cewa a watan Disamba na 2010, ana tsakiyar hunturu, hukumomin birnin suka tashi iyalai 76 daga titin Coastei, kusan dukkansu 'yan ƙabilar Roma, aka kwashe su zuwa bakin juji. Waɗanda suka samu matsuguni, ɗaki ɗaya aka ba kowane iyali, iyalai huɗu kuma na haɗa banɗaki guda. Saura aka bar su su kafa bukka da kansu. 'Yan'uwanmu sun ga yara na bin hanyar taɓo da sassafe don su tari motar makaranta, sun ga shanyar uwaye tana shan hayaƙin shara, yaro ya shiga aji da wannan warin a rigarsa. Abin ya sosa mana rai ƙwarai.

Abin da ya fi ɗaukar lokacin taron shi ne maganar adireshi. A Romaniya, wanda ba shi da takardar mazauni tabbatacciya katin shaida na wucin gadi kawai ake ba shi. Da wannan katin, da sunan Pata Rat a bakinsa, mai neman aiki ko gidan haya tun daga ƙofa ake sallamarsa. An raba mutum da gari, sannan a juyo a ce shi ya ƙi shiga mutane. 'Yan Roma da yawa kakanninsu sun yi ɗaruruwan shekaru cikin bauta a wannan ƙasa, sai a 1856 aka 'yanta su.

Saboda haka taron ya yi Allah wadai da tsugunar da mutane a bakin juji, ya kuma yi kira ga hukumomin Cluj-Napoca da su samar wa iyalan gidaje a cikin unguwannin gari, tare da shawartarsu kafin a ɗaga kowa.

A namu ɓangaren, mambobi sun amince su daina amfani da sunan raini da ake kiran Roma da shi a titi, wanda wasunmu suka ɗauka ba tare da sanin nauyinsa ba. Ɗalibanmu na fannin lafiya za su nemi ƙungiyoyin Roma na birnin don jin inda za su iya taimakawa, su kawo rahoto a zama na gaba.

Sa hannu:
Sakataren ƙungiya