Allurar jinin kai: kada garin gyaran gira a rasa ido

Duk ɗan kasuwar da ke zuwa sari Dubai, Alƙahira ko Istanbul, ko mai kallon tallace-tallace a wayarsa, da wuya a ce bai ci karo da wata allura da ake kira PRP ba. Masu talla na cewa tana tsiro da gashi a sanƙo, tana gyara fuskar da ta yamutse, tana kuma warkar da ciwon gwiwa. Tun da maganar ta fara shiga bakin matafiyanmu, ya kamata mu yi wa masu karatu bayani kafin wani ya zuba jarinsa ko ya miƙa jikinsa.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Likita ya kan ɗebi jini kaɗan a hannun mutum, ya sa a wani inji mai juyawa da sauri na 'yan mintoci. Jajayen ƙwayoyin jini su kwanta a ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya ya taso sama ɗauke da ƙananan ƙwayoyin nan da ke daskarar da jini idan an ji rauni. Su waɗannan ƙwayoyi suna sakin sinadaran da ke taimaka wa rauni ya warke. Sai a tsotse wannan ruwa, a yi wa mai jinin allurarsa a gwiwa, a fatar kai ko a fuska. Mun saba da ƙaho, inda wanzami ke fitar da jini a zubar. A nan kuwa mayar da shi jiki ake yi.

Likitocin haƙori da na tiyatar muƙamuƙi ne suka fara yawan amfani da ita a ƙarshen shekarun 1990. Ta yi suna bayan da aka ji 'yan wasa irin su Tiger Woods sun yi ta, sannan a 2013 tauraruwar talabijin ta Amurka Kim Kardashian ta nuna hoton fuskarta jina-jina bayan an yi mata gyaran fuska da ita. Daga nan gidajen kwalliya suka rungume ta.

To, shin tana aiki? Amsar ba ta kai yadda masu talla ke zuzutawa ba. A 2021 mujallar likitocin Amurka ta JAMA ta buga wani bincike da aka yi a Ostareliya kan mutum 288 masu ciwon zaizayewar gwiwa. An yi wa rabi allurar PRP, rabi kuma ruwan gishiri kawai. Bayan wata 12 ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu ba. Tun 2019 ma ƙungiyar likitocin ciwon gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da ita ga irin wannan ciwo na gwiwa da ƙugu. Ta fuskar sanƙo, wasu ƙananan bincike sun nuna gashi na ƙara kauri, amma sai an yi ta maimaita allurar, kuma kowane zuwa da kuɗinsa. Wanda ya ce maka allura ɗaya za ta raba ka da sanda ko ta mayar da kai saurayi, aljihunka yake hange.

Sai dai asarar kuɗi ƙaramar magana ce idan aka kwatanta da abin da ya faru a birnin Albukarki na jihar New Meziko a Amurka. A 2018 hukuma ta rufe wani gidan kwalliya marar lasisi da ke yin wannan gyaran fuska. Masu bincike sun tarar da kwalaben jini babu suna a jikinsu, wasu a cikin firiji tare da abinci, ga allurai a buɗe a cikin durowa. A watan Afirilu na 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana cewa ga dukkan alamu mata uku sun kamu da ƙwayar cutar ƙanjamau ne a wannan wuri. Sun je neman kyau, sun dawo da cutar da za su sha wa magani har ƙarshen rayuwarsu.

Darasin a fili yake. Ana cewa ba haɗari tunda jininka ne ake mayar maka, amma hakan gaskiya ne kawai idan allurar sabuwa ce, kwalbar taka ce, mai aikin kuma ƙwararre ne. A yankinmu na Afirka ta Yamma ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kuma ƙwayarsa na iya yin kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Idan har irin wancan ganganci ya faru a ƙasar da ake sa ido sosai, yaya ke nan a bayan shagon kitso ko ɗakin mai kemis?

Muna kira ga 'yan'uwa 'yan kasuwa da babbar murya. Ƙananan injinan juya jini da kwalaben wannan aiki ana samun su a intanet, kuma ba su da nauyin ɗauka. Mai yiwuwa wani ya ga riba ya haɗo su da kayan shafe-shafe, ya sayar wa duk wanda ya miƙo kuɗi. Wannan ba haja ba ce irin atamfa ko turare. Wanda ya danƙa wa marar ilimi kayan taɓa jinin mutane, yana da kaso a alhakin abin da ya biyo baya.

Shi kuma mai son a yi masa, ya je asibiti mai rajista, ya tabbatar likita ne zai yi, a buɗe sabuwar allura a gabansa, a rubuta sunansa a kwalba yana gani. Ya faɗa wa likita idan yana shan maganin tsinka jini ko yana da wata cutar jini. Idan farashin ya yi sauƙi da yawa, ya tuna araha ba ta ado.

Hukumomin lafiya da jami'an kwastan na ɓangarorin iyaka biyu, su ma kada su jira sai ɓarna ta auku. A sa ido kan kayan da ke shigowa da wuraren da ake yin allura ba da izini ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.