Wasiƙa ga Likitocin Tiyatar Ido a Bodinga da Shagari

Babu mai musun alherin likitocin da ke cire yanar ido a Bodinga da Shagari, domin tsofaffin da jikoki ke ja da sanda sun koma gona da masallaci su kaɗai. Allah ya saka da alheri. Sai dai akwai ɗabi'ar da ke ci wa mai wannan wasiƙa tuwo a ƙwarya, wato tsaga ido ba tare da auna matsinsa ba, don kawai layi ya yi tsawo.

Matsin ido shi ne ƙarfin da ruwan ciki ke tokare bangon ido da shi, kuma a lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'aunin mmHg. Idan aka tsaga idon da matsinsa ya hau, kamar na mai hawan jinin ido, matsin kan faɗi farat ɗaya, sai jijiyoyin jinin da suka daɗe a matse su saki. Wani lokaci jini ya ɗiɗɗiga a tantanin gani, wato shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske, wani lokaci kuma jijiya ta fashe a bayan tantanin, jini ya taru ya ɗago shi, har ya turo kayan cikin ido ta bakin tsagar. Tsoho mai hawan jini, ko mai tari a gadon tiyata, shi ya fi fuskantar wannan hatsari, kuma irinsa ne suka cika layin.

Magabata ba su yi wannan gaggawar ba. Tun 1905 Hjalmar Schiøtz na ƙasar Norway ya ƙera ma'aunin da ke shiga aljihu, ba ruwansa da lantarki, don haka rashin wuta ba uzuri ba ne, sakaci ne. Haka ma barin ragowar maganin kauri da ake cika ido da shi yayin aiki, wanda kan toshe magudanar ruwa ya tayar da matsi cikin dare har ya iya yanke wa tantanin gani jini, alhali Sohan Hayreh na Jami'ar Iowa ya nuna a birai cewa tantanin da jini ya yanke masa kan fara lalacewa bayan minti kusan 100.

Ba a faɗi wannan don raina gwanintar kowa ba. Roƙon shi ne a auna kowane ido, a sauke matsinsa in ya hau da acetazolamide ko mannitol kafin a ɗauki wuƙa, wanda ya gagara kuma a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.