A Daina Ɓoye Wa Ɗaliban Jinya Kanula

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin manyan ma'aikatan asibiti har ta zama kamar doka: wai ɗalibar jinya ba ta isa ta taɓa kanula (robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa) ba sai ta kusa gama makaranta, wasu ma su ce a bari ta fara aiki, a can za ta koya. A wasu manyan asibitocin koyarwa kuma ana ƙarawa da cewa neman jijiya aikin likita ne, ita nas nata shi ne ta rataye ledar ruwa ta ƙirga ɗigo. Ban yarda da wannan ra'ayi ba, domin marasa lafiya ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Masu faɗin haka suna da hujja, ban kuma raina ta ba. Hannun da bai saba ba yana iya huda jijiya ya zarce, ruwa ya taru a ƙarƙashin fata, wurin ya kumbura. Wanda ya yi sakaci da tsafta yana iya tura ƙwayar cuta kai tsaye cikin jini. Ita kanta ɗalibar tana iya soke yatsarta da allurar da ta fito daga jikin mai ciwon hanta. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai jinkiri ba ya hana ranar farko zuwa. Kowace nas akwai ranar da za ta soka kanula karon farko a rayuwarta. Ko dai ranar ta same ta da malamarta tsaye a gefe tana cewa "kwantar da allurar, kin ga jini ya leƙo, yanzu tura robar", ko kuwa ta same ta da tsakar dare a asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, ita kaɗai, ga fitilar waya a hannun mijin mara lafiya, ga dangi sun cika ƙofa.

To, wa ake kawo mata a irin wannan dare? A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta hallaka sama da 3,500, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin jihohin da suka fi jin jiki. Babban da ruwan jikinsa ya ƙare, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ɗura masa mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa cikin awa 3, kusan kashi ɗaya bisa uku a rabin awar farko. Mai kilo 60 ke nan lita 6 yake bukata. Irin wannan mutum jijiyoyinsa sun shafe, idanunsa sun faɗa, fatarsa in an tsunkula ba ta komawa. Shi ne mafi wuyar samun jijiya a duk asibiti, kuma a kansa muke so yarinyar da ba ta taɓa gwadawa ba ta fara? Tun 1832 wani likita a Sikotlan, Thomas Latta, ya nuna cewa ruwan gishiri ta jijiya yana farfaɗo da mai kwalara, amma ruwan ba ya amfani yana rataye a ƙarfe.

Haka mai jego da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Ana son manyan kanula biyu, mai ruwan toka lamba 16 ko koriya lamba 18, kafin jijiya ta buya. Haka yaron da zazzabin cizon sauro ya tsananta masa har yana jijjiga, wanda za a nema wa 'yar jijiyar bayan hannu da kanula rawaya lamba 24. A yawancin asibitocin ƙauye babu likita, babu kuma wanda zai zo kafin asuba.

Abin da ya fi damuna shi ne, ɗaliban ai suna koya, sai dai a ɓoye. Na ga waɗanda suka koya a shagon kemis lokacin hutu, a hannun wanda shi ma gani ya yi ya kwaikwaya. A can suke ɗauko ɗabi'ar shafa wurin da yatsa bayan an goge da sifirit, da mayar da allura cikin roba bayan an zare ta, wanda ke iya yanke bakin robar ya bar guntu a jijiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hannun da ya saba da kuskure shekara biyu, gyara shi ya fi koyar da sabo wahala.

Karatun jinya aƙalla shekara 3 ne a makaranta, 5 a jami'a. Lokaci akwai. Da zarar ɗaliba ta karanci tsarin jiki da hanyoyin kare kamuwa da cuta a shekarar farko, a shekara ta biyu a ba ta hannun roba ta yi ta sokawa har yatsunta su san zurfi. Daga nan ta koma kan manya masu jijiya a fili, da izininsu, a gaya musu ɗaliba ce, malama na tsaye, in ta gwada sau biyu ba ta samu ba ta miƙa. Yara da masu rashin ruwa sai a shekarar ƙarshe. Kowane gwaji a rubuta shi a littafin aikinta a sa hannu. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce ke ba da lasisi, ita ya kamata ta ƙayyade adadin kanula da ɗaliba za ta sa a gaban malami kafin a bar ta ta zauna jarrabawar ƙarshe.