Kafin Ka Jefar da Iyafis Ɗinka

Watannin baya na samu damar yin hira ta intanet da wani malamin jami'a da na shafe makonni ina neman lokacinsa. Ya ba ni minti talatin, tsakanin lacca da wani taro. Na zauna gaban kwamfuta, na ciro iyafis ɗina marar igiya daga ɗan akwatinsa, na sa a kunne, na ji 'yar ƙarar nan da ke nuna ya haɗu. Malam ya bayyana a allo, bakinsa yana motsi, ni kuwa ba na jin komai. Na cire, na mayar, na kashe, na kunna. Can sai waƙar yara ta cika mini kunne. Ashe iyafis ɗin ya tsallake kwamfutar da ke gabana, ya tafi falo ya haɗu da wayata, wadda ke hannun 'yata tana kallon katun. Kafin in gano bakin zaren, minti goma sha biyu sun tafi. Da muryar malam ta iso kuma, sai ta zo kamar daga ƙasan rijiya.

Washegari na nufi kasuwar waya da niyyar sayen wani. Yaron shagon ya karɓa, ya gwada a wayarsa, ya yi mini tambayoyi biyu, ya miƙo mini kayana. Ya ce, "Yallaɓai, lafiyarsa ƙalau, riƙe kuɗinka." Da ya ga dama da ya sayar mini da sabo, in tafi ina godiya.

Tun daga ranar nake bin diddigin wannan 'yar na'ura, kuma ga matsayin da na tsaya a kai. Da yawa daga cikin abubuwan da muke kira lalacewa, na'urar tana bin ƙa'idarta ne, ƙa'idar da masu ƙera ta ba su damu su bayyana mana ba. An tallata mana ita a matsayin abin da ba ya buƙatar sani, shi ya sa idan ta ƙi aiki sai mu zargi kanmu da ƙauyanci ko mu zargi kayan da jabu, mu sake zuba kuɗi. Sanin abubuwa uku kawai ya isa ya raba mutum da mafi yawan wannan wahala.

Sanayya daban, gaisuwa daban

Fasahar Bluetooth ta samo asali ne daga kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin a 1994. A 1998 Ericsson da Nokia da Intel da IBM da Toshiba suka kafa ƙungiyar da ke kula da ƙa'idojinta. Sunan kuwa laƙabin Harald ne, sarkin Danmak na ƙarni na 10 wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa, domin burin shi ne na'urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna. Wannan burin shi ne ƙarfin fasahar, shi ne kuma tushen rikicinta: ƙa'ida ɗaya ce, amma kamfanoni dubbai ke aiwatar da ita, kowa da irin hannunsa.

Abu na farko da ya kamata a rarrabe shi ne ƙulla sanayya da kuma haɗuwar yau da kullum. Ranar farko da ka haɗa iyafis da waya, suna musayar wani mabuɗin sirri, kowannensu ya adana kwafinsa. Wannan ita ce sanayya, sau ɗaya ake yin ta. Daga nan duk lokacin da aka kunna su, gaisuwa kawai suke yi: kowa ya nuna mabuɗinsa, a ci gaba da aiki.

Daga nan matsaloli biyu ke fitowa. Ta farko ita ce wadda ta same ni. Idan ka kunna iyafis, galibi yana fara neman na'urar da ya rabu da ita a ƙarshe. Idan tana kusa, kuma Bluetooth ɗinta a kunne yake, wurinta zai tafi, ko da kwamfutarka tana gabanka tana jira. Da zarar ya haɗu da waccan kuma, ba zai fito a jerin wata sabuwar na'ura ba sai ka tilasta masa shiga yanayin neman sabon aboki, yawanci ta hanyar danne maɓallinsa na wasu daƙiƙoƙi har fitilarsa ta fara ƙiftawa. Wasu iyafis ɗin suna iya riƙe na'urori biyu a lokaci guda, amma ba duka ba, kuma kwalin ba kullum yake faɗa ba.

Ta biyu ita ce idan ɗaya ya manta, ɗaya bai manta ba. Ƙwaƙwalwar iyafis ƙarama ce. Wasu na riƙe na'urori takwas, wasu ƙasa da haka, kuma idan ta cika sai a share mafi tsufa. Wayarka tana nan riƙe da tsohon mabuɗi, tana miƙa hannu, shi kuwa bai san ta ba. Za ka ga sunansa a allo, ka danna, ya yi ta juyawa, ya ƙi. Kashewa da kunnawa ba za su warware wannan ba. Sai ka shiga saitin Bluetooth, ka sa wayar ta manta da shi gaba ɗaya, sannan a ƙulla sanayya sabuwa.

Wannan riƙon alkawari na na'ura yana da wata fuska da ta fi ɓata lokaci muni. Duk wanda ya taɓa buɗe saƙon murya na WhatsApp a cikin motar abokin aiki, ya ji muryar gidansa tana fita ta lasifikar mota saboda ya taɓa haɗa wayarsa da ita watanni shida da suka wuce, ya san abin da nake nufi. Ka riƙa duba jerin na'urorin da wayarka ta sani, kana goge waɗanda ba naka ba.

Dalilin muryar rijiya

Abu na biyu shi ne cewa iyafis ɗinka yana da hanyoyi biyu na ɗaukar sauti. Ɗaya ana kiranta A2DP, ita ce ta saurare zalla: karatu, kiɗa, bidiyo. Sautinta cikakke ne, amma gefe ɗaya take tafiya, daga waya zuwa kunne. Ɗayar ana kiranta HFP, an yi ta ne domin kiran waya, tana kai murya tana kawowa. Domin ta iya yin hakan a cikin ƙuntatacciyar hanya, sai ta rage ingancin sautin ƙwarai. Inda hanyar saurare ke ɗaukar sauti sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa, hanyar kira ta gargajiya sau 8,000 ko 16,000 take ɗauka.

Da zarar wata manhaja ta buƙaci makirfon iyafis ɗinka, sai ya sauka daga hanya ta farko zuwa ta biyu ba tare da ya sanar da kai ba. Shi ya sa iyafis ɗin da ke fitar da ƙira'a tangaran da safe yake koma kamar tsohuwar rediyo da zarar ka shiga Zoom ko Teams. A Windows 10 ma za ka ga sunansa sau biyu a jerin na'urorin sauti, kamar kayan mutum biyu ne. Maganin yana da sauƙi: a saitin manhajar taron, ka zaɓi makirfon kwamfutar, ka bar wa iyafis aikin saurare kaɗai. Sabon tsarin LE Audio da aka sanar a 2020 ya zo ne domin gyara irin wannan, amma sai in wayar da iyafis ɗin duka suna da shi.

Akwai kuma jinkiri. Sauti yana buƙatar a matse shi, a aika, a warware, kuma wannan na iya cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Manhajojin kallon bidiyo sukan ɓoye shi ta hanyar jinkirta hoton ya jira muryar. Amma mai tace murya ko bidiyo ba shi da wannan gatan, shi ya sa a ɗakunan shirye-shirye har yau igiya ce ke mulki.

Yankewa da tsinkewa

Abu na uku shi ne hanyar da saƙon ke bi. Bluetooth yana aiki ne a zangon 2.4 GHz, inda Wi-Fi da na'urar ɗumama abinci da linzamin kwamfuta marar igiya duk suke cunkushe. Domin kauce wa karo, yana tsalle tsakanin tashoshi 79 sau 1,600 a kowace daƙiƙa. Dabara ce mai kyau, amma a ofis ko ɗakin taro mai ɗaruruwan wayoyi, hanyar kan cushe. Idan na'urar Wi-Fi ɗinka tana da zangon 5 GHz, komawa can kan rage yankewar.

Nisan da aka saba ambata mita goma ne, amma a fili ba shinge. Bango yana rage shi. Jikin ɗan Adam ma yana rage shi, domin ruwa na shanye irin wannan saƙo, mu kuwa yawancin jikinmu ruwa ne. Waya a aljihun baya, iyafis a kunne, ga gangar jiki a tsakani: sauti sai ya riƙa tsinkewa, musamman a waje inda babu bangon da zai maido da saƙon. Mayar da wayar aljihun gaba kaɗai kan isa.

Idan kunne ɗaya ne ya yi shiru, kafin ka yanke masa hukunci duba ƙananan ƙarafan da ke taɓa shi a cikin akwati. Ƙurar hunturu da gumi kan rufe su, ya kwana a ciki bai sha caji ba. Auduga busasshiya ta isa. Idan kuma sautinsa ne ya yi ƙasa, sau da yawa dattin kunne ne ya toshe ragar bakinsa. In duk wannan bai yi ba, sai a mayar da su biyun cikin akwati a maido da su saitin asali, su sake sanin juna.

Tsarin bincike ke nan, daga mai sauƙi zuwa mai wuya: caji, sannan wa ya riga ka haɗuwa da shi, sannan wane makirfo da wace lasifika manhajar ta zaɓa, sannan mantawa da sake ƙullawa, sannan saitin asali. Kasuwa ita ce ta ƙarshe.

Abin da sani ba ya gyarawa

Akwai matsala ɗaya da duk wannan bayani ba zai taɓa ba, ita ce batir. Kowane kunne yana ɗauke da ɗan ƙaramin batir da ke raguwa da kowane caji, kuma zafi na gaggauta mutuwarsa. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, akwatin da aka manta a mota da rana ya sha wuya. A yawancin samfura an manne batirin ne da gam, ba a yi shi domin a canza ba. Shafin iFixit, wanda ke auna sauƙin gyaran na'urori, ya ba AirPods na farko sifili cikin goma. Ma'ana, kayan da ka saya da tsada yana da wa'adi tun daga masana'anta.

Ba mu muka roƙi wannan ba. A watan Satumba na 2016 Apple ya fitar da iPhone 7 ba tare da kafar soka iyafis ba, ya gabatar da AirPods a rana guda. Samsung ya yi masa ba'a a talla, sannan ya bi sahunsa a 2019 da Galaxy Note 10. Abin dariya, kalmar waya kanta daga sunan igiyar ƙarfe muka aro ta, ga shi yau ana ƙera wayar da ba ta da wurin karɓar igiya. Mu a nan akwai ƙarin asara da ba a lissafa da mu ba: a galibin wayoyi, igiyar iyafis ita ce eriyar rediyon FM. Al'ummar da ta tashi da rediyo a kunne, idan aka cire mata wannan kafa, an mayar da labarin da take ji kyauta ya koma abin da sai da data.

Za a ce ai sauƙin da marar igiya ya kawo ya fi wahalarsa. Akwai gaskiya a ciki. Igiya tana harɗewa, tana tsinkewa daga wuya, tana fizgo waya daga tebur. Mai aiki da hannu biyu, ko mai tattaki da asuba, ba zai so komawa baya ba, ni ma ban daina amfani da nawa ba. Ƙorafina shi ne an ɗauke mana zaɓi, an ɗora mana nauyin gane abin da aka ƙi bayyanawa, da kuɗin sauyawa duk bayan 'yan shekaru. Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2023 wadda za ta tilasta, daga Fabrairun 2027, a riƙa ƙera ƙananan na'urori ta yadda mai su zai iya canza batir, ban da wasu 'yan nau'o'i da aka keɓe. Wannan ya nuna mannewa da gam shawarar kasuwanci ce da doka ke iya sauyawa.

Mu da ba mu da irin wannan murya a gaban manyan kamfanoni, muna da ta aljihunmu. Da yawa daga wayoyin Tecno da Infinix da itel masu matsakaicin farashi har yanzu suna zuwa da kafar iyafis. Ka sa ta cikin abubuwan da kake dubawa kafin ka saya. Idan za ka sayi marar igiya, ka tambaya ko yana riƙe na'urori biyu, ka sa a gwada kira da shi a gabanka, ka nemi a nuna maka yadda ake maido da shi saitin asali. Mai shagon da ya kasa amsa waɗannan bai san abin da yake sayarwa ba.

Ni dai tun daga ranar hirar nan na ɗauki ɗabi'u biyu. Minti goma kafin kowane taro nakan kashe Bluetooth ɗin wayata, in gwada sautin kwamfutar, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan a ƙaramin aljihun jakata akwai wani tsohon iyafis mai igiya da ya zo a kwalin wata waya da na daɗe da rabuwa da ita. Ba ya neman caji, bai san wayar kowa ba sai wadda aka soka shi a ciki. Sau uku ke nan yana fitar da ni kunya.