Karatun Jinya da Sauran Fannonin Lafiya: A Zaɓa da Sani

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, gidaje da yawa a Arewa sukan yi zaman shawara iri ɗaya. Yarinya ta ci burin zama likita, makinta bai kai ba, sai wani daga cikin manya ya ce, "To, ai sai ta yi nas." Da wannan magana guda ake yanke wa mutum hanyar rayuwarsa, ba tare da an tambaye shi ko ya san aikin ba, balle ko yana son sa. Wannan jarida tana ganin cewa ɗabi'ar nan tana cutar da yaranmu, tana rage wa sana'ar daraja, kuma a ƙarshe marasa lafiya ne ke ɗanɗana kuɗarta. Aikin jinya da ungozoma da sauran fannonin lafiya sana'o'i ne masu cin gashin kansu, kowace da iliminta da dokarta da nauyinta. Sun cancanci a shige su da niyya, bayan an yi bincike.

Girman buƙatar da ake da ita shi ne dalilinmu na farko. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a hannun ƙwararren ma'aikacin lafiya, a Arewa maso Yamma kuwa adadin bai kai kashi 20 ba. Abubuwan da ke kashe matan nan sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda, da cutar da kan shiga jiki bayan an sauka. Yawancinsu ungozoma mai horo tana iya hango su tun a wurin awon ciki, ta tare abin da za ta iya tarewa, ta tura sauran babban asibiti tun da sauran lokaci. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda sau da yawa takan ƙare da yoyon fitsari, kuma duk wanda ya san cibiyar Babbar Ruga a Katsina ya san yawan matan da rashin ungozoma a kusa ya kai can.

A ƙasarmu wannan buƙata ta fi faɗawa kan 'ya'ya mata. Magidanta da yawa ba sa son namiji ya duba iyalinsu, matan ma da kansu sun fi sakewa da 'yar'uwarsu mace. To amma magidancin da ke neman mace ta karɓi haihuwar matarsa, shi ne kuma wani lokaci yake hana 'yarsa karatun ungozoma. Ba za a haɗa biyun nan a zauna lafiya ba. Mai jin cewa aikin baƙo ne ga addini ya tuna da Rufaida al-Aslamiyya, sahabiyar da ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, wadda a wurinta aka kwantar da Sa'ad bin Mu'az bayan an harbe shi a yaƙin Khandaƙ. Malamai da dama sun bayyana cewa samar da masu wannan aiki farilla ce a kan al'umma, idan wasu ba su ɗauke ta ba kowa yana da laifi.

Abu na biyu da ya kamata ɗalibi da iyayensa su sani shi ne faɗin fagen. A idon mutane da yawa, asibiti likita ne da nas, shi ke nan. Alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita ba zai tabbatar da zazzaɓin cizon sauro ko sikila ko ciwon suga ba sai masanin ɗakin gwaje-gwaje ya auna jini, kuma shi ne ke tantance jinin da za a ƙara wa mai haihuwa. Mai ɗaukar hoton ƙashi da na ciki shi ke nuna inda karaya take da yadda jariri ya kwanta. Mai gashin ƙashi shi ke koya wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye sake taka ƙasa. Akwai masu harhaɗa magani da mataimakansu, masu auna ido, masu kula da haƙori, masana abinci mai gina jiki, masu adana bayanan marasa lafiya, da duba-gari da ke tare kwalara tun daga rijiya da kwata. Akwai kuma jami'an lafiyar al'umma, waɗanda su ne ke riƙe da yawancin asibitocin sha-ka-tafi na karkara, su yi rigakafi, su yi awo, su duba yara. Kowane fanni yana son irin halinsa. Mai son lissafi da natsuwa a gaban na'ura zai fi jin daɗin ɗakin gwaje-gwaje, mai son mu'amala da jama'a da haƙurin sauraro zai fi dacewa da gefen gadon majinyaci.

Hanyoyin shiga ma ba ɗaya ba ne. Tushen yawancinsu shi ne kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, galibi a zama bai wuce biyu ba. Wannan na nufin shawarar tana farawa ne tun daga shiga babbar sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai tsakanin ajin kimiyya da sauran azuzuwa. Daga nan, mai son jinya zai iya bin jami'a ya yi digiri na shekara 5, sannan ya yi shekarar sanin makamar aiki. Zai iya bin kwalejin jinya, inda tsohon tsarin shekara 3 yake komawa na difloma da babbar difloma na shekara 4 ta hanyar JAMB. Akwai karatun ungozomar karkara na shekara 2, wanda aka tsara don wadda za ta koma ta yi wa garinsu aiki. A kwalejojin kimiyyar lafiya kuma ana yin ƙaramin jami'in lafiyar al'umma a shekara 2, babba a shekara 3. Kowace hanya tana da matakin albashin da take kai mutum da iyakar abin da doka ta yarda ya yi wa majinyaci. Gara a san wannan kafin a biya kuɗin fom.

A nan ne muke so iyaye su buɗe ido sosai. Saboda cunkoson masu nema da ƙarancin gurabe, makarantun lafiya masu zaman kansu sun yawaita a garuruwanmu. Wasu nagari ne, wasu kuma gidan haya ne da allo da farar riga, ba ɗakin gwaji, ba asibitin koyon aiki, ba izinin kowa. Gwamnatocin jihohi sun sha rufe irinsu, amma sukan sake tsirowa da sabon suna. Gaskiyar da za a riƙe ita ce, a aikin lafiya takardar makaranta kaɗai ba ta ba mutum damar taɓa majinyaci, sai da lasisi. Lasisin jinya da ungozoma yana hannun Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, kuma ba ta bari ɗalibin makarantar da ba ta amince da ita ba ya zauna jarrabawarta. Masu gwaje-gwaje, masu ɗaukar hoto, masu gashin ƙashi, masu harhaɗa magani da jami'an lafiyar al'umma, kowanne rukuni yana da tasa hukumar. Kafin uba ya sayar da hatsi ko dabba ya biya kuɗin makaranta, ya nemi amsar tambayoyi uku. Shin hukumar wannan fanni ta amince da makarantar, kuma a kan wannan kwas ɗin? Ɗalibai nawa aka ba ta izinin ɗauka, kuma nawa ta ɗauka? Ɗalibanta na baya sun samu lasisi? Haka nan mai shirin tura ɗa ƙetare ya tuna cewa a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin makonni kaɗan. Ita ma yarinyar da aka ajiye a asibitin kuɗi ta koyi allura da ƙarin ruwa a shekara biyu, ko ana kiran ta nas a unguwa, doka ba ta san ta da wannan suna ba, kuma ranar da aka samu matsala ita za a fara kamawa.

Wajibi ne kuma a gaya wa yara gaskiyar aikin. Akwai aikin dare, akwai Sallah a bakin aiki, akwai jini da wari da kukan dangin mamaci. Akwai haɗarin kamuwa da cuta, domin zazzaɓin Lassa ya ci rayukan ma'aikatan lafiya a ƙasar nan ba sau ɗaya ba. A asibitoci da yawa nas ɗaya ce ke kula da ɗaki guda cike da majinyata har gari ya waye. Albashin jihohi da na ƙananan hukumomi galibi bai kai na tarayya ba, su ma ma'aikatan jinya na tarayyar sun shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025 kan alawus da ƙarancin ma'aikata. Wanda aka tura wannan aiki ba da son ransa ba, wahalar nan takan mayar da shi mai tsawa da hantara. Ƙorafin da mata ke yi kan yadda ake daka musu tsawa a ɗakin haihuwa gaskiya ne, kuma yana cikin abubuwan da ke sa wasu su gwammace haihuwa a gida. Gajiya da yawan aiki suna da hannu a ciki, amma shigar da mutum sana'ar da zuciyarsa ba ta wurin shi ma yana da nasa kason.

Wanda ya shiga da so kuwa, hanya a buɗe take gabansa. Bayan lasisin farko akwai karatun ƙwarewa: jinyar ƙashi a asibitin Dala da ke Kano, jinyar ido a cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna, jinyar masu taɓin hankali, aikin ɗakin tiyata, sa barci, kula da jarirai, kula da masu wankin ƙoda. Nas tana iya kaiwa digiri na uku ta zama farfesa, ta shugabanci kwaleji, ko ta riƙe sashe a ma'aikatar lafiya. Samari ma kada su ɗauka aikin na mata ne kaɗai, ɗakunan maza da sashen gaggawa suna buƙatarsu.

Ba za mu kauce wa maganar fita waje ba, domin ita ce ke jan matasa da yawa zuwa fannin a yau. A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumar jinya ya bayyana cewa ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Ba ma zargin wanda ya tafi Ingila ko Saudiyya neman abin da zai riƙe iyalinsa. Amma muna gargaɗin cewa dokokin shiga waɗannan ƙasashe suna canzawa, kuma wanda ya yi shekara biyar yana karatun da ba ya so don biza kawai zai iya wayar gari ba bizar, ba kuma son aikin. Ita ma gwamnati ta ga abin da ya faru da ta gindaya sharaɗin aikin shekara 2 kafin a tantance takardun mai son fita: zanga-zanga ta biyo baya. Takunkumi ba ya riƙe ma'aikaci. Albashi mai kyau a kan lokaci, kayan aiki, tsaro da girmamawa su ke riƙe shi.

Saboda haka muna kira ga gwamnonin Arewa da su fara daga tushe. Makarantun 'yan mata na karkara da yawa ba su da malamin Fiziks ko Kemistiri, don haka an rufe wa ɗalibansu ƙofa tun kafin su ƙwanƙwasa. An riga an gwada magani. Tsakanin 2012 da 2020, wani shiri da Birtaniya ta tallafa wa a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya har Borno, ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, da amincewar iyaye da mazaje da masu gari, a ba su shekarar share fage su cike kiredit, su shiga makarantun lafiya, su koma su yi aiki a garuruwansu. Wannan tsari ne da kowace jiha za ta iya ɗauka da kuɗinta. Sai a haɗa da ɗaukar waɗanda suka gama karatu aiki, domin abin takaici ne a ce ungozoma mai lasisi tana zaune a gida ko tana aikin sa-kai shekara da shekaru, alhali asibitin ƙauyen da ke kusa babu mai karɓar haihuwa da dare. A gina wa ma'aikatan karkara gidaje, a ba su alawus na musamman, a tsare lafiyarsu. Alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, har yanzu bashi ne a wuyan gwamnatin tarayya da jihohi da dama.

Makarantun sakandare su riƙa gayyato nas da ungozoma da masanin gwaje-gwaje su yi wa ɗalibai bayanin aikinsu tun kafin a raba aji. Hukumomin lasisi su riƙa sanar da sunayen makarantun da suka amince da su a rediyo da Hausa, inda iyaye za su ji. Mazajen da suka auri ɗalibai ko ma'aikatan lafiya su cika alkawarin da suka yi na barin su su ci gaba, har da aikin dare. Iyaye kuma su zauna da ɗansu ko 'yarsu su tambaye su abin da suke so, su kai su asibiti su ga aikin da idonsu, su bincika makarantar kafin su biya ko sisi. Yaron da ya zaɓi wannan hanya bayan ya san wahalarta da ladarta shi ne zai jure karatun, ya riƙe amanar aikin, kuma irinsa kowannenmu yake fatan samu ranar da ciwo ya kai shi asibiti.