Lambun Burle Marx da darasinsa ga masu hali a Karaye da Rogo

A shekarar 1949 wani mai zane kuma mai tsara lambuna ɗan ƙasar Brazil, Roberto Burle Marx, shi da ɗan'uwansa suka sayi wata tsohuwar gona a gefen tudu a yammacin birnin Rio de Janeiro. Tun yana saurayi, a wani lambun tsirrai da ke Berlin ta Jamus, ya ga yadda Turawa ke tattalin tsirran ƙasarsa, alhali a gida masu kuɗi furannin Turai suke yayi. Sai ya shiga dazuka yana tattaro na gida yana dasawa. Yau lambun yana ɗauke da nau'in tsirrai sama da 3,500, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Wannan labari ya shafi Kurugu da sauran garuruwan Karaye da Rogo. Ɗorawa da kaɗanya da kanya da ɗinya da marke suna ƙarewa a hannun masu itace da gawayi, kuma da wuya a ga mai dasa madadinsu. Idan an tashi dashe, dogon yaro da turare ake kawowa, dukkansu baƙi. Ranar da ɗorawa ta ƙare, kalwar daddawa sai an sayo daga nesa. Mai maganin gargajiya kuma ya rasa saiwa da sassaƙe.

Yankin ba ya rasa ruwa, ga madatsar Challawa a Karaye. Ba ya rasa masu hali. Abin da ya rage shi ne mutum guda ya ware fili, ko da tudu ne mai tsakuwa da garma ba ta so, ya nemi masana tsirrai na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello su tsara masa, a rubuta wa kowace bishiya sunanta da Hausa, 'yan makaranta su zo su gani.

Sai dai lambun mutum ɗaya yakan bi mai shi kabari: magada su raba, a yanka filaye. Burle Marx ya hango haka, ya miƙa nasa ga gwamnati a 1985, shekara tara kafin mutuwarsa. A nan akwai hanyar da kowa ya sani, wato waƙafi. Duk wanda zai dasa, ya rubuta takardar waƙafin tun bishiyoyin ba su yi inuwa ba.